Tsohuwar Polaroid tana fitar da hotuna a koɗe: laifin kyamara ne ko na fim?

Tambaya: Na samu tsohuwar kyamarar Polaroid cikin kayan mahaifina, irin mai siffar akwati da ake ɗaga kanta filasha ta bayyana, an rubuta 600 a jikinta. Na sayi sabon fim na saka. Hotuna takwas suka fito, lissafin da ke bayanta yana nuna saura biyu, amma ta daina fitarwa. Wasu hotunan sun koɗe sun yi fari, wasu sun yi ja-ja, kuma akwai ɗige-ɗige a jere a kan kusan dukkansu. Ta lalace ne? Sannan wani ya yi mini tayin wasu tsofaffin kyamarorin Polaroid biyu, SX-70 da Land 250, ko in saya?

Amsa: Malam, kyamararka lafiyarta ƙalau. Tunda ta tofo baƙin kwali lokacin da ka rufe ƙofar fim, filasha ta kama, ta kuma turo hotuna takwas ɗaya bayan ɗaya, to ta yi duk aikin da aka ƙera ta dominsa. Kusan duk abin da ka lissafa halin fim ne. Ɗige-ɗigen kaɗai ne daga jikin kyamara, shi ma datti ne da tsumma zai kawar.

Mu fara da lissafin da ya tsaya a kan biyu, domin labarinsa zai buɗe maka sauran. Jerin kyamarorin 600 ya fara fitowa a 1981, kuma a wancan zamani kowane fakitin fim hoto goma ne a ciki. Ɗan lissafin da ke bayan kyamarar ba ya ƙirga abin da ke cikin fakiti, yana komawa kan 10 ne duk lokacin da aka zura sabo, sai ya riƙa ragewa ɗaya-ɗaya. A Fabrairun 2008 kamfanin Polaroid ya sanar da cewa ya daina yin wannan fim gaba ɗaya. Masana'antar da ta rage tana garin Enschede a ƙasar Holan, ana shirin rufe ta, sai wasu mutane, ciki har da Florian Kaps ɗan ƙasar Ostiriya da André Bosman wanda babban ma'aikaci ne a masana'antar, suka sayi injinan suka kafa abin da suka kira Impossible Project. Injina suka samu, amma da yawa daga cikin sinadarai da launukan tsohon fim an riga an daina yin su, don haka dole suka sake haɗa fim tun daga tushe. Na farko ya fito a 2010, baƙi da fari ne, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san irin rigimarsa. A 2017 suka koma Polaroid Originals, a 2020 kuma suka zama Polaroid kawai. Sabon fim ya fi tsohon kauri, goma ba sa shiga fakitin, shi ya sa ake zuba takwas. Idan lissafinka ya nuna 2, fakiti ya ƙare.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan tarihi shi ne, fim ɗin da ka saya suna kawai ya haɗa shi da wanda mahaifinka ya yi amfani da shi. Na da can za ka iya riƙe shi a hannu cikin rana kana kallon fuskoki suna bayyana. Na yanzu bai yarda da wannan ba, kuma a nan yawancin sababbin shiga ke asarar fakitinsu na farko.

Ga abin da ke faruwa a cikin hoton. Farin leɓen nan mai faɗi da ke ƙasa ba don a yi rubutu aka bar shi ba. A cikinsa akwai 'yar jaka mai ɗauke da sinadari mai kauri da danƙo. Da ka danna, haske ya ratsa farar ledar da ke fuskar hoton ya faɗa kan nagatif da ke ƙasa, sai injin kyamara ya tura takardar ta bi tsakanin rola biyu na ƙarfe da ke bakin ƙofa. Su ne suke fasa jakar, su shimfiɗa sinadarin siriri ƙwarai tsakanin nagatif da fuskar hoto, daga ƙasa har sama. Wato duk aikin ɗakin wankin hoto an tattara shi cikin takarda guda. Nagatif ɗin yana da shimfiɗa uku masu jin haske, ɗaya ta shuɗi, ɗaya ta kore, ɗaya ta ja, kowace da launin da aka haɗa ta da shi: rawaya, ja mai sirkin shunayya, da shuɗi mai sirkin kore. Inda haske ya taɓa, launin wurin yana ɗaurewa a ƙasa ba ya tasowa. Inda haske bai taɓa ba, launin yana narkewa ya haura sama inda kake gani. Idan dukkan ukun suka haura, wurin ya yi baƙi. Idan dukkansu suka ɗaure, abin da za ka gani shi ne farin garin titaniyam da ke cikin sinadarin, wanda shi ne farin bangon hoton. Wani masanin sinadarai na kamfanin, Howard Rogers, shi ya ƙirƙiro waɗannan launuka masu wanke kansu, kuma da su aka yi fim mai launi na farko, Polacolor, a 1963.

Yanzu ka lura da matsalar. A lokacin da hoto ya leƙo daga bakin kyamara, nagatif ɗin yana nan da ransa, yana jin haske. Abin da ke kare shi kawai wani launi ne mai duhu da aka zuba cikin sinadarin, shi ne shuɗi-shuɗin da kake gani a farko. Yana aiki ne muddin sinadarin na da kaifinsa, kuma a hankali wata shimfiɗa mai tsami da ke cikin takardar tana kashe kaifin, sai duhun ya washe, wanki ya tsaya, hoto ya bayyana. A tsohon fim wannan kariya tana da ƙarfi sosai. A sabon fim ta inganta fiye da shekarun farko, amma har yanzu ba ta iya tare hasken rana tsaka. Hasken da ya ratsa a daƙiƙun farko yana ƙara ɗaure launuka a ƙasa, sai hoton ya fito a koɗe, baƙinsa ya zama toka, wani lokaci da hazo mai ruwan hoda. Ina kyautata zaton wannan ne rabin matsalar hotunanka masu fari.

Maganinsa ba wuya. Tsofaffin kyamarorin 600 suna da wani ɗan baƙin harshe na leda da ke miƙowa tare da hoto sannan ya koma da sauri. Gajere ne, don tsohon fim aka yi shi. Ana sayar da dogonsa wanda ke lulluɓe hoton baki ɗaya har sai ka zare shi, kuma ana saka shi ba tare da an kwance kyamara sosai ba. Kafin ka same shi, baƙin kwalin nan da kyamara ta tofo a farko kada ka yar da shi: ka riƙe shi a bakin ƙofa hoto ya fito a ƙarƙashinsa, ko ka juya bakin kyamarar zuwa jikinka da zarar ka saki maɓalli. Daga nan sai aljihu, ko cikin littafi, ko a kife a kan tebur. Fim mai launi yana son minti 10 zuwa 15, baƙi da fari minti 5 zuwa 10. Na san da wuya mutum ya haƙura bai leƙa ba, musamman in mutanen da aka ɗauka sun zagaye shi, amma daƙiƙun farko su ne mafi haɗari, bayan minti ɗaya ko biyu leƙen cikin inuwa ba zai yi ɓarna sosai ba.

Sauran rabin matsalar farin yana wajen auna haske. Kusa da gilashin kyamarar akwai wani ƙaramin ido na lantarki da ke duba hasken wurin gaba ɗaya ya yanke tsawon lokacin da ƙyauren haske zai zauna a buɗe. Bai san wane ne kake son ɗauka ba. Idan mutum yana sanye da farar riga a gaban bango mai duhu, idon zai ga duhu ya yi yawa ya ƙara haske, rigar da fuskar su ƙone. Idan kuma rana tana bayan mutumin, idon zai ga haske ya yi yawa, fuskar ta fito baƙi wuluk. Fim ɗin nan take ba shi da haƙurin fim ɗin nagatif na yau da kullum, wanda mai wanki ke iya gyara kuskurensa a ɗaki. Tazarar da yake iya riƙewa tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu ƙanƙanuwa ce, duk abin da ya wuce ta ya tafi ke nan. Saboda haka ka sa rana a bayanka ko a gefenka, ka nemi inuwa mai haske ko hasken safe da na la'asar, ka guji wurin da rabinsa rana rabinsa inuwa. A gaban kyamararka akwai ɗan maɓalli mai zamewa tsakanin farar kibiya da baƙa. Duba shi tukuna, don sau da yawa akan tarar an bar shi a ɓangaren fari tun shekaru. Ka mayar da shi tsakiya, idan kuma rana ta take sosai ka ɗan tura shi wajen baƙi.

A cikin ɗaki kuwa filasha dole ce. Gilashin waɗannan kyamarori na roba ne, ƙofarsa ƙarama, haske kaɗan yake sha. In babu filasha ƙyauren zai daɗe a buɗe, hannu ya girgiza, hoto ya yi dishi-dishi ya kuma yi rawaya saboda ƙwan lantarki. Amma filashar ma iyakarta wajen mita uku. Yawancin masu siffar akwati ba a saita musu nisa, an ɗaure su ne su ga komai tangaran daga mita 1.2 zuwa gaba. Wasu suna da wani ɗan gilashi da ake zamarwa don ɗaukar kusa, daga santimita 60 zuwa mita 1.2, shi kuma in ka manta shi a zame duk hoton nesa zai lalace. Idan ka matsa kusa da mutum fiye da kima, abu biyu za su haɗu: fuska ba ta fito tangaran ba, filasha kuma ta wanke ta. Mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da bango kusa a bayansa, shi ne inda kyamarar ta fi jin daɗin aiki. Wani abu kuma, tagar da kake leƙawa tana gefe da gilashin ɗauka, don haka in abu yana kusa, abin da ka gani a tsakiya zai ɗan goce a hoto.

Ja-jan da ka gani kuwa zafi ne. Wankin nan aikin sinadarai ne, kuma launukan uku ba sa haurawa da sauri ɗaya. An daidaita su ne su haɗu daidai tsakanin digiri 13 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyas, kamar yadda kamfanin ya rubuta. Idan zafi ya wuce haka, hoto yakan karkata zuwa ja, rawaya ko ruwan lemo. Idan sanyi ya yi yawa, yakan fito kore-kore, a koɗe, ba armashi. Zafin da ake nufi na lokacin wanki ne, wato mintocin farko bayan fitowa, da kuma zafin fakitin kansa. Kyamarar da ta wuni a cikin mota a rufe, fim ɗin cikinta ya riga ya gasu kafin ka danna. A lokacin zafi ka ajiye kyamara a inuwa, hoto na fitowa ka kai shi wuri mafi sanyi da ke kusa. Wasu sukan riƙe 'yar jaka mai ɗauke da gorar ruwan sanyi su jingina hoton a gefenta, ba tare da ya jiƙe ba. A lokacin sanyi akasin haka ake yi, hoton ya shiga aljihun ciki ya ji ɗumin jiki. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun a shekarun 1960 kyamarorin Polaroid masu suna Land suna zuwa da faranti biyu na alminiyam da ake ɗumamawa a aljihu a sa hoto tsakaninsu.

Ni dai ban ɗauki ɗan ja-jan nan a matsayin aibu ba idan bai yi yawa ba. Yana ƙara wa fatar mutum ɗumi, kuma yana cikin abin da ya sa hoton Polaroid bai yi kama da na waya ba. Amma gara ka san dalilinsa, ka zaɓe shi da kanka, da ya riƙa zuwa maka ba zato.

Ajiya ma tana da hannu a launi. A jikin kwalin fim akwai ranar da aka yi shi, kuma kamfanin yana cewa a yi amfani da shi cikin wata 12 daga wannan rana. Fakitin da ba a buɗe ba wurinsa firji, a kwance, tsakanin digiri 4 zuwa 18. Firiza haram ce a gare shi, domin sinadarin cikin jakar in ya daskare ya lalace. Idan ka fito da shi ka bar shi wajen awa ɗaya ya saki sanyi kafin ka saka. Fim da ya tsufa ko ya sha zafi a kanti yakan fito da launi mai ruwan hoda ko rawaya, baƙinsa ba ƙarfi, sannan in ya ƙara daɗewa sinadarin ya fara bushewa, sai ka ga wani ɓangare na hoton, galibi kusurwoyin sama, ruwan ƙasa ne kawai ba hoto, domin shimfiɗar ba ta kai can ba. Wannan ne ya sa ba na ba kowa shawarar sayen tsofaffin fakitin da aka yi kafin 2008 sai in don ado: jaka ta bushe, batir ya mutu. Idan za ka hau jirgi, fim ya kasance a jakar hannu, ka roƙi a duba shi da hannu, domin na'urorin binciken kaya, musamman sababbin masu ƙarfi, suna sa masa hazo.

Ɗige-ɗigen yanzu. Ka jera hotunan ka duba, za ka ga tabon yana maimaituwa a layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, tazara iri ɗaya tsakaninsu. Tazarar ita ce zagaye ɗaya na rola. Busasshen sinadari ne ko ƙura ya manne a jikin rolar, duk juyi ɗaya sai ya danna takardar a wurin ya hana sinadari shimfiɗuwa daidai. Buɗe ƙofar fim, za ka ga rolar biyu a jikinta. Ka samu tsumma mai laushi ka ɗan jiƙa da ruwa mai tsabta, ka riƙa gogewa kana juya su da yatsa har sai farin ɓawon ya fita duka, musamman a gefe-gefe inda ya fi taruwa, ka bar su su bushe kafin ka saka fim. Kada ka kankare da wuƙa ko allura. Kyamarar da ta shekara da shekaru a ajiye lallai tana buƙatar wannan, bayan haka kuma ka riƙa leƙawa duk bayan fakiti biyu ko uku. Sinadarin yana da kaifi irin na soda, in ɗanye ya taɓa hannunka ka wanke, kada ya kusanci ido, kuma kada yaro ya samu almakashi ya yanka sabon hoto.

Akwai al'adar kaɗa hoto a iska wai don ya fito da sauri. Ka bar ta. Ta samo asali ne daga fim na ɓarewa, wanda ake raba takarda biyu hoton ya fito da danshi, mutane su kaɗa shi ya bushe. Naka a rufe yake ruf cikin leda, iska ba ta isa gare shi, abin da kaɗawa da lanƙwasawa za su yi kawai shi ne su motsa sinadarin da bai zauna ba su bar tabo. Ko bayan hoto ya bayyana cikinsa bai bushe ba, yana ɗaukar kusan kwana 30. A wannan lokaci kada ka matse shi cikin albam ko leda, ka bar shi a akwati mai iska, wuri mai duhu marar laima. Bayan nan ma rana tana cin launinsa, don haka wanda kake ji da shi ka ɗauki kwafinsa da sikana tun da wuri.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka sake sayen fim: kyamararka ba ta da batir a jikinta. Batirin, shimfiɗaɗɗe mai bolt 6, yana cikin kowane fakiti a ƙarƙashin hotuna, shi ke juya inji ya cika filasha. Kamfanin yana yin wani fim mai suna i-Type wanda girmansa da saurinsa ɗaya da na 600, amma babu batir a ciki, don sababbin kyamarori masu caji aka yi shi. Zai shiga taka daram, amma ko motsi ba za ta yi ba. Ka duba kwali ka tabbata 600 ne. Fakitin da ya ƙare kuma kada ka jefar, batirinsa yana da sauran ƙarfi. Ka cusa tsofaffin hotuna biyu ko uku a ciki, ya zama abin gwajin duk kyamarar 600 ko SX-70 da aka yi maka tayi ba tare da ka ƙona sabon fim ba.

Da shi za ka je ganin SX-70 ɗin. Idan lafiyayya ce, ina ganin ta cancanci saye, domin ita ce gwanar wannan dangi. Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid, ya fara nuna hoton nan take a taron masana haske a New York a Fabrairun 1947, ya kuma fitar da kyamarar farko, Model 95, a Boston a ƙarshen 1948, ya shafe shekaru yana neman kyamarar da ba sai an ɓare takarda ko an duba agogo ba. SX-70 ta 1972 ita ce sakamakon. Tana naɗewa ta kwanta shafal, gilashinta na gaske ne mai ɓangare huɗu, kuma ta cikin gilashin ɗaukar kake leƙawa ta hanyar madubai, don haka abin da ka gani shi zai fito. Tana iya matsawa kusa da abu har santimita 26, abin da akwatinka ba zai taɓa yi ba. Daga 1978 aka ƙara wa wasunsu wani zagayayyen faranti mai ruwan zinariya a sama, mai aika sautin da kunne ba ya ji ya auna nisa da dawowarsa, irin yadda jemage ke gane hanya. Yana aiki ko a cikin duhu, amma in ka ɗauki hoto ta bayan gilashin taga, a kan gilashin zai yi saiti.

Sai dai tana da nata sharuɗɗa. Fim ɗinta daban ne, saurinsa wajen ISO 160, na 600 kuwa ISO 640, wato na 600 ya ninka shi huɗu wajen jin haske. In ka sa fim ɗin 600 a cikinta haka kawai, hotuna za su ƙone su yi fari, sai dai ka ɗora wata siririyar leda mai duhu a kan fakitin da ke rage hasken, ko a kai ta wurin mai gyara ya sauya mata lantarki ta koma cin 600. Da nata fim ɗin kuma 'yar rana ce, a ɗaki sai da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku ko filasha. Ba ta da filasha a jiki, a da ana soka mata wani sanda mai ƙwai goma, biyar kowane gefe, kowane ƙwai walƙiya ɗaya ya mutu, yanzu kuma akwai na lantarki da ke shiga ramin. Tana da 'yar taya ta ƙara haske ko duhu, kuma da sabon fim yawanci sai an ɗan juya ta wajen duhu in ana cikin rana. Abin da ke kama mutane shi ne duk lokacin da ka naɗe kyamarar tayar tana komawa tsakiya da kanta. Wajen gwaji ka saurari sautinta: dannawa ɗaya, madubi ya ɗaga, hoto ya fito, inji ya tsaya cak, taga ta sake yin haske. Idan injin ya ci gaba da juyawa, ko taga ta zauna da duhu, akwai gyara a gaba, kuma masu gyaranta ba su da yawa. Ka haska tocila cikin baƙar robar da ke naɗewa a ɗaki mai duhu ka ga ko haske na ɓullowa ta wani tsagi.

Land 250 kuwa, a nan zan ce ka dakata. Kyamara ce mai kyau, ta ƙarshen shekarun 1960, jikin ƙarfe, gilashi na gaske, da ma'aunin nisa na kamfanin Zeiss Ikon. Batirinta mai bolt 4.5 ba a cika samunsa ba, amma wannan ƙaramin abu ne, ana sauya mata gida ta ci ƙananan batura uku. Babbar matsalar ita ce abincinta ya ƙare. Tana cin fim na ɓarewa ne irin na fakiti, wanda ya fara a 1963. Bayan Polaroid ya daina, Fujifilm ne kaɗai ya ci gaba da yi, shi ma ya sanar da dakatar da baƙi da fari, FP-3000B, a 2013, sannan mai launi, FP-100C, a 2016. Abin da ya rage a hannun mutane galibi tsohon kaya ne da ke ƙara tsada yana ƙara bushewa kowace shekara. Wasu suna cire bayanta su ɗaura mata bayan da ke cin Instax Wide, wani fim ɗin nan take na Fujifilm, amma aikin gwanaye ne. In don ka ajiye a kanta kana kallo ne, to. In don ɗauka ne, kuɗin ya fi amfani a fim ɗin 600. Haka zancen yake ga kyamarorin Spectra na 1986 da aka daina yi wa fim a 2019, da na Kodak, wanda ya shiga harkar a 1976, Polaroid ya kai shi kotu kan satar fasaha, aka fitar da shi daga kasuwar a farkon 1986. Suna nan birjik a hannun masu tsofaffin kaya da araha, arahar kuma dalilinta ke nan.

Tunda na ambaci Instax: fim ne na Fujifilm tun 1998, ISO 800, goma a fakiti, kuma ba ya shiga kyamarar Polaroid. Ta baya haske ke shigarsa, fuskar da kake kallo kuma akwai shimfiɗa mai duhu da ke kare nagatif, shi ya sa ba ya buƙatar ɓoyewa, yana bayyana cikin kusan daƙiƙa 90, yana kuma jure digiri 5 zuwa 40. Wanda ke son hoto mai launi daidai kowane lokaci, musamman a wurin zafi, shi ya fi masa sauƙi. Wanda ke son babban murabba'in nan na santimita 8 da laushin launin Polaroid, sai ya koyi zama da halinsa.

Fakitinka na gaba ga yadda zan so ka kashe shi. Ka goge rola tukuna, ka tabbata ranar kwali ba ta wuce shekara ba, maɓallin haske a tsakiya, gilashin kusa a mayar da shi gefe. Hoton farko ka ɗauke shi a waje cikin inuwa mai haske, mutum yana nisan mita biyu, ka rufe hoton tun daga bakin kyamara, ka jira minti 15 cur kafin ka yanke hukunci. Kada ka ɗauki na biyu sai ka ga na farko, kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa kowane karo, ka rubuta a bayan hoton inda maɓallin yake da yanayin zafin ranar. Idan bayan duk wannan hotuna sun ci gaba da fitowa fari fat, to sai a zargi idon lantarkin: ka fara goge 'yar tagarsa da auduga, domin ƙurar da ta toshe ta tana sa kyamara ta zaci duhu ne ta ƙara haske.